Gidan tarihin zaiba na New Almaden: ku karanta kafin ku sake kirana

Tun ranar da na kai wasu baƙi biyu wurin nan suka watsa hotuna a WhatsApp, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin iri ɗaya ne, bakunan ne kawai daban. To ga amsa a rubuce.

Za a samu jan makuri a can?

Da ita na fara don ita ta fi ƙona mini rai. Babu. Babu shi a can, babu shi a tsohon keken ɗinkin kakarka, babu shi a dutsen guga mai gawayi. 'Yan damfara ne suka ƙirƙiro shi. Jan abin da ke can dutse ne, sinaba sunansa, zaiba ce haɗe da farar wuta. 'Yan ƙabilar Ohlone, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna shafa shi a jiki kafin wani hafsan sojan Mekziko, Andrés Castillero, ya gasa shi a 1845 ya ga zaiba ta fito.

Wai mece ce zaibar?

Haba malam. Ruwan ƙarfen nan mai sheƙi na cikin tsohon ma'aunin zazzaɓi, wanda 'yan haƙar zinare ke ce wa makuri.

A ina wurin yake?

Kudu da San Jose, jihar Kalifoniya ta Amurka, kamar rabin awa a mota. Sunan ginin Casa Grande, an gina shi a 1854, nan manajojin mahaƙar zaibar suka zauna.

Me zan gani?

Kada ka sa rai da katafaren wuri, awa ɗaya ta ishe ka. Akwai kwaikwayon ramin haƙa, da fitilu da kayan aiki, da hotunan leburori 'yan Mekziko da Chile da Cornwall ta Ingila da Sin. Ni inda nake tsayar da baƙi shi ne gaban tulun ƙarfen da ake ɗura zaiba. Cikinsa bai kai lita 3 ba, amma abin da yake ɗauka ya fi kilo 34. Irinsa fiye da miliyan ɗaya aka cika a tsaunin nan kafin a daina haƙa a shekarun 1970. Zaibar ce ke kama ƙwayoyin zinare, shi ya sa da aka yi rububin zinare a 1849 wurin ya yi kasuwa.

Maiɗakina na da juna biyu, ga yara ƙanana. Mu je ko mu haƙura?

Wannan kam ba ta amsuwa da kalma ɗaya. Idan cikin gidan kawai za ku shiga, kwantar da hankalinka, gida ne kamar kowane gida, har 'yan makaranta ake kaiwa. Dutsen sinaba a ajiye ba shi ne babban abin tsoro ba. Hatsarin na zuwa ne in an gasa shi tururi ya tashi, wanda shi ya riƙa sa masu aikin murhu karkarwar hannu da dalalar miyau da zubewar haƙora, kuma murhun ya daɗe da mutuwa.

Amma in za ku hau tsaunin da ke baya, wato Almaden Quicksilver County Park, magana ta ɗan canja, kuma ya danganta da shekarun yaran. Akwai wuraren da aka zubar da ƙonannen dutse. An tsabtace wasu, duk da haka ni ba zan sauke mai rarrafe ya ci ƙasa a can ba. Ku bi hanya, ku wanke hannu kafin cin abinci, kada yaro ya cika aljihu da jan dutse. Ita kuma uwargida, in da rani ne, zafi da hawan tudu za su fi zaiba wahalar da ita. Ta faɗa wa likitarta kafin ku fito, ba wani abu zai rage ku ba.

Inda ba na sassauci shi ne kifi. Ruwan sama ya wanke zaiba zuwa madatsun Almaden da Guadalupe, ƙwayoyin halitta na cikin laka suka mai da ita wata guba da ke taruwa a tsokar kifi, ita ce kuma ke taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Suya ba ta kashe ta, yaji ba ya kashe ta. Allunan gargaɗi na nan a kafe. Na taɓa ganin wani ɗan uwanmu da bokiti yana cewa ai bismillah zai yi. Ka yi bismillah, ka kuma mai da kifin ruwa.

Ba zaibar ce ta kashe yara a Zamfara ba?

A'a, waccan gubar dalma ce, a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega. Amma kada ka saki jiki. Masu haƙar zinare a Zamfara har yanzu suna murza makuri da hannu, su ƙona dunƙulen ya bar zinaren, wani lokaci a tsakar gida kusa da tukunyar tuwo. Tururin ba ya wari, ba a ganinsa. In kana da ƙane a wurin haƙar zinare, wannan amsar ce za ka tura masa.

Kullum a buɗe yake?

A'a. Ka duba shafin Santa Clara County Parks kafin ka ƙona mai.

Za ka raka mu?

Na je sau bakwai. Ku sa a taswirar waya.