Ruwan sama ba ya tafiya da shara

Da hadari ya haɗo, sai a juye shara a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Haka muka taso muka tarar, kuma a da akwai ɗan dalili: ɓawon rake da ganye ruɓewa suke yi. Leda kuwa ba ta ruɓewa. Takan maƙale a bakin kwalbati, yashi ya taru a kanta, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje, inda ya kwanta kuma sauro ya yi ƙwai. Wadda ta samu wucewa, Kogin Kaduna take faɗawa.

Mai son tabbatarwa ya leƙa kwalbatin unguwarsu bayan an ɗauke ruwa, zai ga ledojin fiya wata cunkushe a wurin. Don Allah a tura wa maƙwabta wannan bayani.