Tsirkiyoyin Kontrabas: Ire-irensu da Yadda Ake Gwada Su

Kontrabas shi ne mafi girma kuma mafi kaurin murya a dangin gogen Turawa, dangin da ya haɗa da kamanja da celo. Tsayinsa ya kai kusan mita 1.8, kuma makaɗinsa yana kaɗa shi ne a tsaye ko a kan doguwar kujera, ko dai ya goga shi da izga ko ya fizgi tsirkiyar da yatsa. Yawancinsa yana da tsirkiya huɗu, waɗanda makaɗan Sudan ke kira Mi, La, Re da Sol, daga mai kauri zuwa siririya. Mi tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, Sol kuwa kusan sau 98, kuma tsawon ɓangaren da ke karkarwa a kontrabas ɗin da aka fi amfani da shi yana tsakanin santimita 104 da 106. Idan aka ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe guda huɗu yadda ya kamata, jimillar jan da suke yi takan wuce nauyin kilo 100. Saboda haka zaɓen tsirkiya ya shafi amon kayan kiɗan, ya shafi hannun makaɗi, ya kuma shafi lafiyar katakon kansa.

Asali da sauye-sauye

Tsawon ƙarnoni ana yin waɗannan tsirkiyoyi ne da hanjin tumaki ko na shanu, wanda ake wankewa, a tsaga, a murɗa, sannan a shanya. Matsalar hanji ita ce, domin a samu murya mai kauri ba tare da ƙara tsawo ba, dole a ƙara wa tsirkiya nauyi, kuma hanji zalla ba ya yin nauyi sai ya yi kauri sosai, har ya gagari yatsa, ya kuma ƙi amsa izga da sauri. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manyan makaɗa irin su Domenico Dragonetti (1763–1846) da Giovanni Bottesini (1821–1889) suka riƙa amfani da kontrabas mai tsirkiya uku kacal. Dabarar naɗe hanji da siririyar waya, wadda ta bayyana a Italiya a ƙarni na 17, ita ce ta fara rage wannan matsala, domin waya tana ƙara nauyi ba tare da ta sandarar da tsirkiyar ba.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da tsirkiyoyin ƙarfe suka mamaye kasuwa. Ƙarfe ya ba da damar a sauko da tsirkiya kusa da allon yatsu, wato katakon da makaɗi ke danna tsirkiya a kansa, sai gudun hannu ya ƙaru, kuma makaɗi ya huta da yawan gyaran ɗauri. A shekarar 1970 kamfanin Thomastik-Infeld na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa a 1919, ya fitar da tsirkiya mai suna Dominant wadda cikinta zaren nailan ne, daga nan aka samu nau'i na uku.

Manyan nau'o'i

Abin da ke bambanta tsirkiya da tsirkiya shi ne abin da ke cikinta, da ƙarfen da aka naɗe ta da shi, da kuma abin da aka shimfiɗa tsakaninsu domin rage tsawon amo.

Ta hanji tana da amo mai ɗumi da faɗi, wanda ke fita da ƙarfi a farkon fizga sannan ya mutu da wuri, kuma da ita makaɗan jaz na Amurka irin su Paul Chambers suka yi suna. Kamfanin Pirastro na garin Offenbach a Jamus, wanda asalinsa ya koma 1798, yana yin ta zalla da sunan Chorda, yana kuma yin naɗaɗɗiya da sunayen Eudoxa da Oliv. Ta hanji tana da tsada, tana buƙatar a ɗaga ta sama da allon yatsu saboda faɗin karkarwarta, kuma tana bin yanayi: ta sha laima ta saki, ta bushe ta canja.

Ta ƙarfe ta zamani yawanci ba waya ɗaya ba ce. Cikinta sirarun wayoyi ne da aka tufke kamar igiyar guga, abin da ya sa take lanƙwasa ba ta ƙage ba, sannan a naɗe ta da shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai santsi. A nan ne gwaji ya fi yawa, domin nau'in ya rabu biyu. Akwai waɗanda aka yi domin yatsa, kuma fitacciyarsu ita ce Spirocore ta Thomastik, wadda amonta ke daɗewa yana gurnani bayan an fizge ta. Sai dai a ƙarƙashin izga, musamman tana sabuwa, takan yi kaushi da ƙarar ƙarfe. Akwai kuma waɗanda aka yi domin izga, kamar Flexocor ta Pirastro da Belcanto ta Thomastik, waɗanda aka danne amonsu da gangan, suna amsa izga cikin sauƙi da murya mai duhu, amma idan aka fizge su da yatsa amon ba ya jimawa. Kamfanin D'Addario na jihar New York ya bi wannan rabuwa a fili, inda ya fitar da Helicore iri-iri: ta izga, ta yatsa, da ta tsaka-tsaki.

Mai zaren roba a ciki, kamar Obligato da Evah Pirazzi na Pirastro ko Zyex ta D'Addario, an yi ta ne domin ta kusanci ɗumin hanji ba tare da rigimarsa da yanayi ba. Tana yin aikin izga da na yatsa daidai gwargwado, amma amonta yakan dushe da wuri fiye da na ƙarfe, wanda kan yi shekaru yana aiki.

Yadda ake gwaji

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ji wata tsirkiya a kontrabas ɗin wani ta yi daɗi, a ɗauka za ta yi haka a ko'ina. Kowane kontrabas yana da irin jan da fuskarsa ke ɗauka. Wani idan aka matsa masa da tsirkiya mai tauri sai amonsa ya shaƙe, idan aka sassauta sai ya buɗe. Wani kuma sai an danne shi yake magana. Shi ya sa kamfanoni ke fitar da iri ɗaya a mataki biyu ko uku, mai laushi, matsakaiciya da mai tauri, kuma a ganin mai wannan rubutu, gwada mataki daban na tsirkiyar da aka sani ya fi amfani sau da yawa fiye da tsallakawa zuwa wani sabon suna.

Ana canja tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ba a kwance su gaba ɗaya ba, domin nauyinsu ne kawai ke riƙe da jaki, wato katakon da suke hawa, da kuma ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikin cikin kontrabas. Idan ginshiƙin ya faɗi, sai gwani ne zai mayar da shi. Kafin a ɗora sabuwa, ana goga bakin fensir a cikin tsagar jaki da ta saman wuya domin tsirkiyar ta zame ba tare da naɗinta ya yage ba, kuma ana duba jakin daga gefe yayin ɗauri, domin yakan karkata zuwa sama a hankali. Idan sabuwar ta fi tsohuwar kauri, kamar wanda ya bar ƙarfe ya koma hanji, dole a faɗaɗa tsagar, kuma wannan gyara ne da ba ya komawa.

Ba a yanke hukunci a ranar farko. Ta ƙarfe takan zauna cikin 'yan kwanaki amma ƙarar sabuntarta ba ta kwantawa sai bayan makonni, ta hanji kuwa takan yi mako ɗaya ko biyu tana miƙewa. Bayan ta zauna, mai gwaji yana lura da saurin da take amsa izga idan an goga ta a hankali ƙwarai, da tsawon amonta bayan fizga, da ko muryar ta daidaita yayin da ake ƙetarawa daga La zuwa Re, da kuma gajiyar hannun hagu bayan sa'a guda. Wajibi ne wani ya tsaya nesa ya saurara, ko a naɗi sautin daga ƙarshen ɗaki, domin amon kontrabas a kunnen makaɗi daban yake da abin da ke isa ga jama'a, kuma sau da yawa tsirkiyar da ke yi wa makaɗi kaushi ita ce ake ji sarai a bayan zaure.

Da yawa daga gwanaye suna ƙarewa ne da gauraye. Charlie Haden, makaɗin jaz na Amurka, ya shahara da sa hanji a Sol da Re, ƙarfe kuma a La da Mi, kuma har yau akwai masu sa Spirocore a Mi kaɗai domin ta tayar da muryar ƙasa.

A Sudan

Kontrabas ya shigo kiɗan Sudan ne tare da kamanja da akodiyon, a ƙungiyoyin da suka bunƙasa a kewayen gidan rediyon Omdurman, wanda aka buɗe a 1940, inda A'isha al-Falatiya, mawaƙiya mai asalin Hausa, ta yi suna. Cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo da aka kafa a Khartum a 1969 ta ƙara shigo da kayan kiɗan Turawa cikin karatu, ko da yake a wuraren biki jita mai kaurin murya ta lantarki ta karɓe yawancin aikinsa. A irin wannan kiɗa aikin kontrabas ya fi karkata ga fizga da riƙe kari, abin da ke ba tsirkiya mai dogon amo fifiko.

Yanayi ma yana da tasa magana. A Khartum zafi kan wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, iska a bushe, ga ƙurar habub. A Gadarif da Mai Wurno damina kan kawo laima bayan dogon rani. A Port Sudan kuwa laimar teku da gumin hannu suna cin naɗin ƙarfe idan ba a goge shi da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa ba. Hanji yana wahala ƙwarai a irin wannan sauyi, kuma bushewa tana tsuke katako har tsirkiya ta sauko ta riƙa bugun allo, abin da wasu kan ɗora wa tsirkiya laifinsa alhali na jaki ne. Ƙaron da ake shafa wa izgar kontrabas ya fi na kamanja laushi, yana narkewa a zafi ya haɗu da ƙura ya daskare a kan tsirkiya, don haka kafin a ce tsirkiya ta mutu ya kamata a fara tsabtace ta.

Duk tsirkiyoyin nan daga waje ake shigo da su, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara tsananta samunsu. Ga makaɗin da zai sayi jeri ɗaya ya yi shekaru da shi, ta ƙarfe mai tufkakken ciki, a mataki mai laushi ko matsakaici, ita ce ta fi dacewa. Tsohuwar da aka cire kuma ba a jefar da ita: a naɗe ta da faɗi ba tare da an karya ta ba, a rubuta sunanta a takarda, a ajiye ta a jakar kontrabas saboda ranar da wata za ta tsinke.