Waiwaye: Fatalwar littattafan Turawa da rigimar gado

A ƙarshen 1764 wani ɗan littafi ya fito a Landan mai suna The Castle of Otranto. A gabatarwarsa an ce wai tsohon rubutun Italiya ne da aka buga tun 1529, wani ya tsinta ya fassara. Zuƙi ta malle ce. Horace Walpole ne ya rubuta abinsa, ɗan Robert Walpole wanda ake lissafawa a matsayin firaministan Birtaniya na farko. Sai da ya ga littafin ya samu karɓuwa sannan ya fito ya ce nasa ne, a bugu na biyu a 1765, ya kuma kira shi labarin Gotik, wato sunan salon ginin tsofaffin majami'un Turai masu dogayen tagogi da duhun lunguna.

Labarin ya fara ne da ranar ɗaurin aure. Wata ƙatuwar hular ƙarfe ta faɗo daga sama ta murƙushe ango, ɗan mai gari Manfred. Mai karatu na yau zai iya yin dariya. Amma dalilin da ya sa matattu suka hana gidan sakat shi ne abin lura: kakan Manfred ya sa wa mai sarautar na gaskiya guba, ya ƙirƙiro takardar wasiyya ta jabu, ya haye kujera. Tun daga nan fatalwar irin waɗannan littattafai ta samu aikin yi. Ba don ta tsorata mutane kawai take fitowa ba, haƙƙi take bi.

Ann Radcliffe ce ta mayar da abin kasuwa. A 1794 an biya ta fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho, kuɗin da marubuta ƙalilan ke gani a wancan zamani. Marainiya Emily tana kulle a wata fada cikin duwatsun Italiya, mijin innarta yana matsa mata ta sa hannu ta sallama masa filayen da ta gada. Wata rana ta ɗaga wani baƙin mayafi da aka rufe bango da shi, ta ga abin da ke baya, ta faɗi sumammiya. Radcliffe ta ja wa mai karatu rai har kusan ƙarshen littafin kafin ta faɗa masa cewa gunkin kakin zuma ne, ba gawa ba. Haka take yi da kowane nishi da kowace inuwa, sai ta kawo dalilinsu a ƙarshe. Wasu sun ce yaudara ce. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka shuka irin labarin bincike, domin ta koya wa mai karatu ya ji tsoro yana kuma tambayar wa ke da hannu.

Ba'amurken nan Edgar Allan Poe ya riƙe igiyoyin biyu lokaci guda: a 1839 ya rubuta labarin rushewar gidan Usher, a 1841 kuma ya fitar da wanda ake yawan kira labarin jami'in bincike na farko.

Inda abin ya nuna sosai shi ne wajen Wilkie Collins. Daga 1859 zuwa 1860 mujallar marubucin Ingila Charles Dickens ta riƙa buga The Woman in White mako-mako. Wani malamin zane yana tafe da ƙafa cikin dare a hanyar Landan, sai ya ji an dafa masa kafaɗa ta baya. Yana waiwayawa ya ga mace sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Tsikar jiki dole ta tashi. To amma ba fatalwa ba ce, mutum ce da ta gudo daga gidan mahaukata inda aka kulle ta don ana zargin ta san wani asiri. A gindin maƙarƙashiyar akwai fam 20,000 na wata amarya da mijinta ke so ya wawure, da kuma layin jabu da aka ƙara a rajistar aure ta coci. Collins ya karanta shari'a, shi ya sa ya tsara littafin kamar zaman kotu, kowane mai shaida ya faɗi abin da idonsa ya gani. Matan da suka karanta shi sun san tsoron gaske ne, domin a Ingila ta lokacin dukiyar mace kan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara hakan. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rabon gado ke raba 'yan uwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Hatta Sherlock Holmes, shahararren mai bincike na labaran Arthur Conan Doyle, bai tsira ba. Karen aljanun da ya addabi zuriyar Baskerville a labarinsa da aka buga daga 1901 zuwa 1902 kare ne na gaske da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli a duhu, kuma mai shi ɗan dangi ne da ya ɓoye asalinsa yana jiran gado.

Akwai waɗanda suka ƙi bin wannan hanya. Henry James, a The Turn of the Screw na 1898, ya bar mai karatu cikin ruɗu: shin mai rainon yaran ta ga matattu, ko kanta ne ya taɓu? Har gobe malamai na gardama a kai. Daphne du Maurier kuma, a Rebecca na 1938, ba ta nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Uwargidan ta mutu, amma ɗakinta na nan a gyare, rubutun hannunta na kan takardu, ma'aikatan gida na auna amarya da ita. Wannan ya fi kowace hular ƙarfe ban tsoro.

A 1983 Susan Hill ta dawo da fatalwa ta gaske a The Woman in Black, wanda wasan daɓensa ya yi ta gudana a Landan daga 1989 har 2023. Jarumin labarin matashin lauya ne, an tura shi wani gida da ruwan teku ke datse hanyarsa idan ya yi ambaliya, ya je ya tantance takardun wata tsohuwa da ta rasu.