Tokelau: amsoshin tambayoyin da aka ƙi daina yi

Nawa ne kuɗin jirgin sama zuwa Tokelau?

Babu filin jirgin sama a Tokelau. Ko ɗaya. Don Allah a bar wannan tambayar haka.

Wai a ina ma take?

A Tekun Pasifik, kimanin kilomita 500 arewa da Samowa. Tsibiran murjani uku ne: Atafu, Nukunonu da Fakaofo, kowanne zobe ne na ƙananan tsibirai da suka kewaye tafki. Duk busasshiyar ƙasar ba ta wuce murabba'in kilomita 12 ba, kuma babu tudun da ya haura mita 5 a kan teku.

To ta yaya ake zuwa, kuma kwana nawa zan ware?

Nan ne mutane ke kwafsawa, saboda haka a karanta a tsanake. Hanya ɗaya ce: ka sauka Apia, babban birnin Samowa, galibi ta Fiji ko ta Niyu Zilan, sannan ka shiga jirgin ruwa. Jirgin fasinjan shi ne Mataliki, wanda ya fara aiki a 2016. Yakan tashi kamar sau biyu a wata, tafiyar kuma yini da kwana ce zuwa Fakaofo, wadda ta fi kusa. Nukunonu na gaba da kilomita 64, Atafu kuma da ƙarin 92.

Amma ranar da aka rubuta a jadawali fata ce kawai. Teku na iya ɓaci, musamman daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin guguwa. Ana iya juya jirgin ya ɗauko mara lafiya zuwa Apia, domin ƙananan asibitocin tsibiran ba sa iya babban aiki. Kuma 'yan ƙasa da ma'aikata ne a gaba wajen samun gurbi, baƙo na baya.

Kafin duk wannan sai ka sami izini. Ana nema ta ofishin Tokelau da ke Apia, amma majalisar dattawan tsibirin da za ka, wato taupulega, ita ke amincewa, kuma sai an san wanda zai sauke ka. Fara nema da watanni, ba makonni ba.

Saukar ma aiki ce. Babu tashar da jirgi zai jingina. Yana tsayawa nesa da murjani, ƙaramin jirgi ya kwashi mutane da kaya ta wata siririyar hanya da aka fasa cikin dutse. Ƙulle takardu da waya cikin leda. In ka sauka jirgin ya wuce, ko dai ka kama shi a kan hanyarsa ta dawowa, ko ka zauna sai zuwa na gaba. Shawarata: tikitin komawa daga Apia ya zama wanda ake iya sauya wa rana, ka kuma bar rarar mako guda aƙalla. Ko hakan ma ban yi maka alkawari ba.

Ƙasa ce mai 'yanci?

A'a, tana ƙarƙashin Niyu Zilan, da dalarta ake ciniki. An yi ƙuri'ar raba gardama kan cin gashin kai a 2006 da 2007, duka ba a kai kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Babban birni ma babu: shugabanci, wato Ulu, yana zagayawa tsakanin tsibiran uku shekara-shekara.

Mutum nawa ne?

1,499 a ƙidayar 2016. Waɗanda ke zaune a Niyu Zilan sun ninka haka sau da dama.

Zan sami masallaci da abincin halal?

Kada ka sa rai da masallaci, mutanen Kiristoci ne. Nukunonu 'yan Katolika, Atafu galibi Furotesta. Ranar Lahadi komai tsayawa yake, kada ka yi hayaniya. Abinci kuwa kwantar da hankalinka, kifi da kwakwa ne kan gaba. Suna da al'adar inati, inda ake raba kamun kifin gayya ga kowane gida gwargwadon yawan mutanensa. Sai dai ana kiwon alade, ka tambayi abin da ke cikin tukunya.

Wuta da ruwa fa?

A 2012 kusan duk lantarkinsu ya koma na hasken rana. Kogi babu, ruwan sama ake tarawa a tanki. Wankan bokiti uku ka bar shi a gida.