Cire zanen tatu na gida

Tatu na gida zane ne na dindindin da ake yi a fata ta hanyar tsittsira ta da allura a cusa tawada ko wani abu mai launi, ba a shagon gwanin sana'ar ba, kuma galibi wanda ya yi shi aboki ne, ko abokin zaman kurkuku, ko mai jikin da kansa a shekarun ƙuruciya. Kayan aikin ba su wuce allurar ɗinki da aka naɗe bakinta da zare don ta riƙe tawada, ko tsinin kamfas na akwatin lissafi, sai tawadar biro, ko baƙin tukunya, ko tokar roba da aka kwaɓa da ruwa. Abin da ake zanawa kan zama harafin farko na sunan masoyi, ko hoton zuciya, ko 'yan ɗige-ɗige a bayan hannu, ko alamar wata ƙungiya. Hanyoyin rabuwa da shi sun haɗa da hasken leza (wata na'ura mai fitar da haske mai ƙarfin gaske), da tiyata, da kankare fata, da rufe zanen, kuma sun sha bamban ƙwarai wajen tabon da suke bari, musamman a baƙar fata.

Abin da ya sa zanen ba ya goguwa

Fatar ɗan Adam hawa biyu ce. Ta sama tana sabunta kanta cikin kimanin wata guda, shi ya sa lalle yake kamawa ya kuma koɗe da kansa. Ta ciki kuwa ba ta zubewa, kuma a cikinta ne tawadar tatu take zama, a zurfin milimita 1 zuwa 2. Da zarar tawada ta shiga, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sukan haɗiye ta kamar yadda suke haɗiye ƙwayar cuta, amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. Wani bincike da aka yi a kan ɓeraye a birnin Marseille na Faransa, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyin suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne suke zuwa su sake haɗiye ta, don haka zanen yake nan daram ko da ƙwayoyin da suka fara riƙe shi sun daɗe da ƙarewa.

Zanen gida ya bambanta da na gwani ta fuska biyu, ɗaya alheri ce ga mai son cirewa, ɗaya kuma matsala. Tawadarsa kaɗan ce, kuma yawanci baƙa ce mai asalin gawayi, wadda ita ce ta fi saurin amsa wa leza. Sai dai hannun da bai ƙware ba ba ya tsayawa a zurfi ɗaya: wani ɗigon yana sama-sama, wani ya nutse har kusa da kitsen ƙarƙashin fata, inda tawadar take bazuwa ta yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga ruwa a kan rubutu. Haka kuma ba kasafai ake sanin ainihin abin da aka kwaɓa aka cusa ba.

Bambancinsa da tsaga da ƙunar yazawa

Tsagar gado da wanzamai suke yi, kamar zube da bille da kalangu, tabo ne na yanka, ko da an shafa mata baƙin tukunya don ta fito sosai. Leza na iya rage baƙin da ke cikinta, amma ba ta shafe ramin tsagar, domin wannan wani aiki ne daban na gyaran tabo. Haka nan sunan da 'yan makaranta suke rubutawa a hannu da ruwan ƙwallon yazawa ba tatu ba ne, ƙuna ce ta sinadari. Babu tawada a ciki, kuma duhun da take bari yakan ragu a hankali, ko da yake wani lokaci tabon yakan zauna.

Tsofaffin hanyoyi

Tun a ƙarni na 6 likitan Rumawa Aetius na Amida ya rubuta yadda ake cire zanen jiki da haɗin da ake ɗaurawa a fata da kuma gurza gishiri, a zamanin da ake yi wa bayi da masu laifi irin wannan alama. A 1888 likitan Faransa Gaston Variot ya bayyana wata dabara ta tsittsira sinadarin tanin a cikin zanen sannan a shafa wani sinadarin azurfa, wurin ya yi ɓawo, bayan makonni ɓawon ya faɗi da wani ɓangare na tawadar. Duk waɗannan hanyoyin manufarsu ɗaya ce, wato a lalata fatar da ke ɗauke da tawada, a bar jiki ya cike gurbin da tabo.

Hasken leza

Leza, wadda bai kamata a rikita ta da reza ba, na'ura ce mai fitar da haske iri ɗaya mai ƙarfin gaske. Theodore Maiman ne ya ƙera ta farko a 1960, kuma a 1965 likitan fata Leon Goldman na birnin Cincinnati a Amurka ya ba da rahoton gwada ta a kan tatu. A 1983 likitoci a Gilasgo ta Sikotlan suka wallafa sakamakon cire baƙaƙen zane da lezar yaƙutu, wato wadda haskenta yake fitowa daga dutsen yaƙutu, a shekarar kuma Rox Anderson da John Parrish na jami'ar Harvard suka fayyace ƙa'idar da aikin ya ginu a kanta har yau: idan aka zaɓi hasken da launin tawada yake sha fiye da yadda fata take sha, aka kuma harba shi cikin ɗan lokacin da zafi ba zai samu damar bazuwa ba, to tawadar ce kawai za ta yi zafi ta farfashe, naman da ke kewaye da ita ya tsira. Kowace harbawa tana ɗaukar 'yan nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar PicoSure, wadda harbinta ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba.

Leza ba ta fitar da tawada waje. Farfasa ta take yi zuwa ƙananan ɓurɓushi, sannan jiki ya kwashe su a hankali zuwa kaluluwa. Wannan ne ya sa ake barin makonni 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma gaggawa ba ta ƙara komai sai haɗarin tabo. Zanen gida yakan buƙaci zama 4 zuwa 6, wani ma ƙasa da haka, alhali na gwani mai launuka da yawa yakan kai zama 10 ko fiye. Zanen da ke yatsa ko idon sawu ya fi jinkirin ɓacewa a kan wanda ke ƙirji ko damtse, saboda jini bai cika gudana sosai a can ba. Wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2012 ya gano cewa shan taba yana rage yiwuwar ɓacewar zane bayan zama 10 da kusan kashi 70 cikin 100.

A ɗakin aikin, likita da majiyyaci duka sukan sa tabarau na kariya, a shafa man kashe zafi ko a sanyaya wurin. Masu jinya sukan kwatanta zafin da na fantsamar man suya a hannu. Nan take wurin da haske ya taɓa yakan yi fari fat kamar an barbaɗa gari, sakamakon tururin da ya taru a cikin fata, farin kuma ya baje cikin kimanin minti 20. Kumburi da bororo da ɓawo kan biyo baya na 'yan kwanaki, kuma abin da ake nema ga majiyyaci shi ne ya tsabtace wurin, ya kare shi daga rana, kada kuma ya ɓamɓare ɓawon.

Leza da baƙar fata

A nan ne zaɓin na'ura yake da muhimmanci fiye da ko'ina. Sinadarin melanin da ke ba fata launi shi ma yana shan haske, don haka a baƙar fata yana gasa da tawadar. Ana bambanta hasken kowace leza da wani ma'auni da ake kira tsawon zango, wanda ake ƙirgawa da nanomita. Lezar yaƙutu mai nanomita 694 da ta dutsen alekzandarit mai 755 suna aiki sosai a kan baƙar tawada, amma melanin yana shan haskensu da yawa, kuma sukan bar farin tabo mai siffar zanen da aka cire, ta yadda harafin da yake baƙi a da zai koma fari, ya fi fitowa fili a kan baƙin hannu. Lezar Nd:YAG mai nanomita 1064 ita ce ake fifitawa ga masu baƙar fata, domin melanin ba ya shan haskenta sosai, tana kuma kaiwa zurfi, wanda ya dace da ɗigon da allurar gida ta nutsar. An yi dace kuwa, baƙar tawada ce ta fi amsa mata. Jar tawada tana buƙatar nanomita 532, wanda ya fi haɗari ga baƙar fata, kore da rawaya kuma su ne mafiya taurin kai.

Likita mai hankali yakan fara da gwaji a ɗan ƙaramin gefe, ya jira makonni ya ga yadda fata ta amsa. Gwajin yana tona wani abu kuma: tawadar da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe ko na titaniyom, kamar fara da ja da mai launin fata, tana iya rikiɗewa ta yi baƙi ƙirin da zarar haske ya taɓa ta. Idan zanen ya hau kan tawadar Allah, sai likitan fata ya duba ta kafin a harba komai, kuma akan ɗage aikin ga mai ciki. Cirewa ɗari bisa ɗari ba tabbas ba ce. Sau da yawa wata 'yar inuwa takan rage, wadda sai an ƙura ido ake gani.

Tiyata

Ƙaramin zane, irin harafi ɗaya ko biyu, ana iya yanke shi gaba ɗaya bayan allurar kashe zafi, a haɗa bakin fatar a ɗinke. Wannan ita ce hanya ɗaya tilo da ake gamawa a zama guda, kuma ba ruwanta da launin tawada ko zurfinta, a wuraren da babu na'urar leza kuma ita ce ta fi samuwa. Abin da take bari shi ne tabo miƙaƙƙe. Babban zane yana buƙatar yanka daki-daki ko dashen fata daga wani sashen jiki. Babban abin tsoro shi ne tabon nan mai tudu da yake tsiro ya wuce iyakar raunin, wanda likitoci suke kira kiloyid, ya kuma fi yawa ga baƙar fata, musamman a ƙirji da kafaɗa da gadon baya da leɓatun kunne. Wanda hujin kunne ko tsaga ko wani tsohon yanka ya taɓa yi masa irin wannan tsiro ya wajaba ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi.

Kankarewa da dabarun gida

Akwai kankare fata da wata na'ura mai juyawa kamar samfefa, da ɗaye ta da asid, da daskarar da ita da sanyi. Likitoci sun rage amfani da su tun da leza ta yaɗu, saboda ba sa bambance tawada da nama.

Abin da mutane suke yi da kansu ya fi wannan muni: gurza gishiri, lemun tsami da kanwa, ruwan batir, sodar yin sabulu, dutsen guga, garwashin taba, ko yankewa da reza. Lemun tsami da zuma da makamantansu ba sa kaiwa inda tawadar take. Waɗanda suke kaiwa kuwa sai sun ƙone fatar sama gaba ɗaya, kuma abin da yakan biyo baya shi ne gyambo, da tabon da ya fi zanen girma, sau da yawa da sauran tawada a ƙarƙashinsa. Tabon yana kuma hana hasken leza ratsawa yadda ya kamata idan aka je asibiti daga baya. Mayukan da ake tallatawa a intanet da sunan goge tatu ba su samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba, wasunsu ma asid ne mai ƙona fata. Man bilicin kuwa fatar da ke kewaye yake haskakawa, zanen ya ƙara fitowa.

Rufewa

Wanda ba ya son a taɓa fatarsa yana iya rufe zanen da hodar kwalliya mai kauri wadda ruwa ba ya wankewa da sauƙi. Wasu kuma sukan sa gwani ya ɗora sabon zane a kan tsohon, sai dai dole sabon ya fi girma da duhu, cire shi nan gaba kuma ya fi wuya.

Dalilan cirewa da abin da ya shafi lafiya

Neman aiki yana cikin manyan dalilai. Rundunar sojin Najeriya, alal misali, tana sanya rashin zane a jiki cikin sharuɗɗan ɗaukar kurata. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga. A birnin Los Anjalas ƙungiyar Homeboy Industries, wadda limamin Katolika Greg Boyle ya assasa a 1988, tana cire wa tsofaffin 'yan daba zane kyauta don su samu shiga cikin jama'a. A Musulunci, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin washmu, wato tatu, da wadda ake yi wa, kuma Imam Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa cirewa tana wajaba idan za ta yiwu ba tare da cutarwa ba, amma idan ana tsoron halaka ko lalacewar gaɓa ko mummunan tabo a wurin da ake gani, to ba ta wajaba, tuba ta wadatar.

Cire zanen ba ya cire abin da allurar ta iya shigarwa cikin jini. Idan an yi tarayya a allura ɗaya ko murfin tawada ɗaya, kamar yadda aka saba a ɗakin kwanan ɗalibai da gidan yari, likitoci suna ba da shawarar gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na cuta mai karya garkuwar jiki, ko da shekaru sun shuɗe, domin ciwon hanta yakan daɗe a jiki ba tare da ya nuna wata alama ba.