Me ake nufi da ƙauyen Fireri a Kanada?

Fireri shi ne shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ya mamaye kudancin lardunan Manitoba, Saskatchewan da Alberta, inda bishiya ke da wuyar gani, sanyin hunturu kuma ya wuce misali. Idan aka ce ƙauye a can, musamman a Saskatchewan, ba tarin gidaje kawai ake nufi ba. Matsayi ne na doka: ƙauye yana da magajin gari da 'yan majalisa zaɓaɓɓu, yana karɓar harajin gidaje, shi ke kula da ruwan sha, shara, da kwashe dusar ƙanƙara daga tituna. A Saskatchewan, sama da shi akwai matsayin gari, mai buƙatar mutum 500, sai birni mai buƙatar 5,000. Amma ƙauyen da ya riga ya samu matsayinsa ba ya rasa shi don kawai mutane sun ragu, shi ya sa za ka tarar da wurin da mazaunansa ba su kai 50 ba, yana nan da majalisarsa.

Waɗannan ƙauyuka ba su taso a hankali kusa da kogi ko kasuwa ba, zana su aka yi a takarda. Bayan yarjejeniyoyin da gwamnati ta ƙulla da 'yan asalin ƙasar daga 1871, aka killace su a keɓaɓɓun wurare, ɓaunar da suke dogaro da ita ma ta kusa ƙarewa, sai masu awo suka yanka filin gida-gida. Kowace gunduma mil 6 ce tsawo da faɗi, an raba ta kashi 36, kowane kashi eka 640. Dokar filaye ta 1872 ta ce mutum ya biya dala 10 a ba shi rubu'in kashi, wato eka 160, da sharaɗin ya zauna shekara 3, ya gina gida, ya nome wani yanki kafin a mallaka masa. Kashi na 11 da na 29 an ware su don makarantu, kamfanonin jirgin ƙasa kuma suka samu kaso mai tsoka. Baƙi suka kwararo daga Ingila, Amurka, Jamus da Yukiren. Mutanen yankin Saskatchewan ba su kai 100,000 ba a 1901, amma a 1911 sun kusa rabin miliyan.

Layin dogo ne ya yanke inda ƙauye zai zauna. Manomi da keken doki ba zai iya kai alkama nesa ya dawo a yini ɗaya ba, don haka aka riƙa kafa tasha kusan kowane mil 7 zuwa 10. A bakin tashar ake gina dogon rumbun katako, a auna hatsi, a ɗaga shi sama, a zuba a taragu. Kanti, gidan waya, maƙera, coci da makaranta duk bayan rumbun suka biyo. Saurin aikin ya kai kamfanin jirgin ƙasa na Grand Trunk Pacific ya riƙa raɗa wa tashoshi suna bi da bi da haruffan boko: Fenwood, Goodeve, Hubbard, Ituna, har zuwa Watrous, Young da Zelma, sannan a koma Allan, Bradwell, Clavet. A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna a faɗin Fireri sun haura 5,000.

Abin da ya kafa su shi ya rushe su. Farin da aka yi a shekarun 1930, wanda ya zo tare da faɗuwar farashin alkama, ya kori dubban iyalai daga kudu maso yammacin Saskatchewan, yankin da tun farko ba shi da isasshen ruwan sama ga gonar eka 160. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta da injin girbi suka sa mutum ɗaya ke noma abin da gidaje da yawa ke yi a da. Gonakin Saskatchewan sun haura 140,000 a 1936, a ƙidayar 2021 kuwa kusan 34,000 suka rage, alhali filin nan yana nan ana nomawa. Babbar mota da kwalta sun kashe hujjar mil 10 ɗin. A 1995 aka soke tallafin jigilar hatsi ta jirgin ƙasa, kamfanoni suka rufe ƙananan layuka, suka rushe rumbunan katako, suka gina 'yan kaɗan manya na kankare a bakin babban layi.

Mutuwar ƙauye tana da tsarinta. Rumbu ya tafi, harajinsa ya bi shi. Ɗalibai su ragu a rufe makaranta, yara su koma shiga bas zuwa wani gari, iyalai matasa su ƙi zama. Abin da ya fi karya majalisa shi ne ruwan sha, domin injin tace ruwa kuɗinsa kusan ɗaya ne ko gida 30 ke biya ko 300, ga dokar da ke neman ma'aikaci mai takardar shaida. Wani lokaci ma a zo zaɓe a rasa ɗan takara. Daga nan ƙauyen zai nemi a narkar da shi cikin ƙaramar hukumar karkara da ke kewaye da shi, ɗaya daga 296 da lardin Saskatchewan ke da su.

Mai karanta alƙaluman irin wannan wuri ya yi hattara. Ana ƙidaya duk shekara 5, kuma adadin ya shafi na cikin iyakar ƙauyen ne kaɗai, manoman da ke kewaye ana lissafa su a ƙaramar hukumar karkara. Idan aka ce jama'a sun ragu da kashi 20 cikin 100 a wuri mai mutum 40, gida biyu ne suka tashi. Wurin da bai kai mutum 40 ba kuwa, hukumar ƙididdiga ba ta fitar da bayanan shekaru ko harshen mazaunansa, don kada a gane mutum da gidansa.