Neman Miji ta Intanet

Neman miji ta intanet hanya ce da 'yan mata da zawarawa ke bi domin haɗuwa da wanda za su aura ta wayar hannu, maimakon jiran wanda zai gan su a gidan biki ko a makaranta ya biyo sawu. Harkar ta samo asali ne a Amurka, inda aka buɗe shafin Match.com a 1995, daga baya Tinder ta fito a 2012, sai Bumble a 2014 wadda ta ba mace damar fara magana. An kuma ƙirƙiri wasu manhajojin domin Musulmi, kamar Muzmatch ta Ingila da aka sauya wa suna zuwa Muzz a 2022, wadda mace ke iya sanya waliyyinta a cikinta ya riƙa ganin hirar da ake yi.

A Sakkwato, kamar sauran garuruwan Arewa, abin ya fi shigowa ta kafofin zumunta na yau da kullum. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, matasa sun fara da 2go, suka koma Facebook, sannan WhatsApp da Instagram, inda tsohuwar sana'ar masu dalilin aure ta samu sabon zaure. Mace kan tura wa mai kula da zauren shekarunta, da matakin karatu, da sana'a, da rukunin jini, da ko budurwa ce ko bazawara, da yawan 'ya'yanta, da kuma ko za ta iya zama da kishiya. Akan wallafa bayanan ba tare da suna ko hoto ba, wanda ya ga sun yi masa sai ya nemi a haɗa su, wani lokaci bayan biyan kuɗin rajista.

Dalilan da ke kai mata ga wannan hanya ba na wasa ba ne. Al'ada ta ɗora wa mace kunya, ba ta furta cewa tana son aure, alhali ita ake yi wa gorin ta yi kwantai. Wadda ta shafe shekaru tana karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko bazawarar da ta gama idda da 'ya'ya biyu a hannu, sau da yawa ba ta da wani dandalin da manema za su gan ta cikin mutunci. Malamai da dama ba su ga laifin mace ta nemi mijin kirki ba, suna kafa hujja da Nana Khadija wadda ta aika wa Annabi (SAW) da buƙatar aure. Abin da suke ja a kai shi ne doguwar hirar dare da musayar hotuna. A mazhabar Malikiyya da ake bi a Sakkwato, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu, saboda haka duk abin da aka yi a waya gabatarwa ce kawai.

Babban raunin hanyar shi ne bincike. A tsarin gargajiya iyaye kan aika unguwar manemi a tambayi asalinsa da sana'arsa da halinsa kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, amma wanda aka haɗu da shi a waya yana iya ɓoye matansa, ko ya ari hoton wani, ko ya ci kuɗin mace da sunan jari ya rufe layi. Mafi muni shi ne barazanar yaɗa hotunan da aka tura cikin amana, wanda dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kai, sai dai mata da yawa kan haɗiye abin don gudun tonon asiri. Wannan ne ya sa masu dalilin da suka san aikinsu ke neman namiji ya je gidan iyayen mace tun da wuri, a kuma yi gwajin jini kafin a sa rana.